Shekarar da Muka Haɗa Murhu

Shekarun baya, ina matashiya da goyon fari, aka tura maigidana koyarwa a makarantar firamare ta wani ƙauye kusa da Tsanyawa, muka tattara muka koma can. Wanda ya san yankin ya san gona ce manne da gona har iyakar ganin mutum. Babu dajin da mace za ta shiga ta yo itace. Kowace bishiya da mai ita, kowane kara kuma da aikin da aka tanadar masa tun yana tsaye a gona.

Mun sauka a shekara mai wuya. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fid da kai, abin da mutane suka girbe bai kai inda aka saba ba. Albashin maigidana sai ya ga dama yake zuwa, kwanon hatsi kuwa duk ranar kasuwa da sabon farashinsa.

Dangar kara ce kawai tsakanin gidanmu da na maƙwabta. Maigidan manomi ne mai 'yar gonar gado, matarsa kuma ta ɗan girme ni, don haka nake ce mata Yaya. Ita kuwa Amarya take kirana, duk da ga ɗa a bayana. Tana da 'ya'ya uku, babbar mace, sai maza biyu. Yaya mace ce siririya mai yawan dariya, irin wadda ko gaisuwa ka yi da ita sai ka tafi da abin murmushi.

Ni a lokacin ban iya hura wuta ba, gaskiyar magana ke nan. Tuwon mutum biyu da rabi zan yi, amma in cika murhu da itace kamar mai girkin biki. Wata rana da yamma hayaƙina ya turnuƙe har gidansu, sai ta leƙo ta saman danga ta ce, "Amarya, suna ake yi a gidanku ba a gayyace ni ba?"

Na ji kunya, muka yi dariya. Daga nan ta ce ta daɗe tana wani tunani. Wutar da ke dafa tukunyata, in an ɗora babbar tukunya, za ta ciyar da gidajen nan biyu. Me zai hana mu haɗa, yau a murhuna, gobe a nata, kowa ta kawo garinta? Maigidana bai ja ba. Nata ne ya ɗan yi nauyin baki, don maza ba sa son a ce gidansu ya kasa tada hayaƙi. Da aka ce ta bayan gida za a buɗe 'yar kafa a jikin danga, babu wanda zai sani, sai ya amince.

Daga murhu abin ya bazu zuwa komai. Niƙa sau ɗaya muke kaiwa inji. Ranar kasuwar Tsanyawa mutum ɗaya ke shiga mota ya yo cefanen gida biyu, kuma sai rana ta yi sanyi, lokacin da masu kayan gwari suka gaji suna son komawa gida. Gishiri da kanwa da manja a dunƙule muke saya mu raba. Sabulu mu yanka shi gida biyu mu shanya ya bushe, don busasshe ya fi jimawa. Wake kuwa tun da wuri ake jiƙa shi, don kada ya cinye mana wuta. Ƙanzon tukunya ba ma wanke shi, mu ɓamɓare mu shanya, ranar da babu komai a jiƙa wa yara da ɗan ƙuli-ƙuli.

Da rani mijinta ya tafi ƙwadago gonakin noman rani na Watari. Lokacin da tumatir ya yi yawa har masu shi suna rasa yadda za su yi da shi, ya turo mana kwando guda. Muka zauna a inuwar ɗorawa muna yankawa, muna shimfiɗawa a kan buhuna, hannayenmu duk sun yi zafi. Kauɗar da muka yi ta kai mu har tsakiyar damina. A wannan zaman ta ba ni labarin gidansu, da yadda aka kawo ta ƙauyen nan, da burinta na ganin 'yarta ta yi karatu ta zama malamar asibiti. Ni ma na faɗa mata abubuwan da ban taɓa faɗa wa 'yar'uwata ta jini ba. Muna cikin babu, amma ban tuna wani lokaci da na yi dariya kamar wannan ranin ba. Har alfahari muke yi da iya rabawa. Takan ce mu biyun nan ko ashana aka ba mu sai mun tsaga ta biyu.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, sai wahalar ta fito da fuskarta sosai. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo yana gona bai kai gwiwa ba. Akuyarsu ɗaya, an sayar an sayi iri da taki. Na fara lura kwanon garin da take kawowa yana raguwa, daga baya kuma rabinsa dusa ce da aka sake niƙawa. Nakan karɓa in juye cikin nawa da sauri, kafin ta ga na duba.

Wata safiya ta shigo ba kwano a hannunta. Ta zauna a bakin turmi, ta daɗe tana wasa da yarona, sannan ta ce daga yau kowa ta koma murhunta. Na tambaye ta ko na yi mata wani laifi.

"Ba ki yi ba, Amarya. Rumbu ne ya ƙare. Ba zan zauna 'ya'yana suna cinye guminku ba, ku ma ba ku da shi."

Na san idan na ce mata don Allah ne, ba za ta karɓa ba. Can sai na ce to ni ce zan shiga uku, domin ta san ba ni da kara ko ɗaya, ban san inda ake samun tafasa da rama ba, kuma in ta bar ni da murhu sai na ƙone albashin Malam a itace. Ita ta kawo wuta da ganye, ni in kawo gari. Ta kalle ni, ta san dabara ce, na san ta sani. Ta yi ɗan murmushi ta ce shi ke nan, amma tuƙin tuwo nata ne kullum.

Haka muka ci gaba. Tuwon ya koma sau ɗaya a rana, da safe koko ba suga, da rana kwaɗon ganye. Ita ke kwashewa, kuma koyaushe tata malmalar ce ƙarama. In na yi magana ta ce ita dama ba mai ci ba ce. Tana zuwa gona ta taya mijinta noma, ta dawo da ganye a ka, ta tuƙa tuwo. Ta ƙara ramewa, amma duk garin kowa ya rame, shi ya sa ban tsorata ba.

Cikin marka, lokacin da sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama ɗanta na tsakiya. Ita ma na ga tana rawar sanyi. Ta ɗauki tasar aurenta guda da ta rage ta bayar aka sayar, mijinta ya je kemis ya karɓo magani. Washegari na same ta tana dafa ganyen darbejiya, na tambaye ta ba ta sha magani ba ne. Ta ce ta sha, wannan ƙari ne kawai. Na yarda. Yaron ya warware, ya fara fita wasa. Ita kuma ta ci gaba da ɗaura ɗankwali tamau a goshi tana aikinta.

Sai daga baya 'yarta ta gaya mini gaskiyar abin. Maganin na mutum ɗaya ne. Ta ce wa mijinta ita ta ji sauƙi, ta ba yaron duka.

Wata safiya rana ta ɗaga ban ji muryarta ba, kuma ranar girki a murhunta ne. Na bi ta kafar danga na shiga. Mijin ya yi sammakon gona. Na same ta kwance a tabarma, jikinta kamar garwashi, yaran sun kewaye ta. Na kira ta, ta buɗe ido ba ta gane ni ba. Na fita ba ko mayafi na aika a kira maza.

A amalanke aka tura ta zuwa bakin titi, ta cikin taɓo, ni ina riƙe da kanta. Muka samu mota zuwa asibiti. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, zazzaɓin kuma ya daɗe a jikinta. Kafin azahar maigidana ya sayar da kekensa, ƙanin mijinta ya kawo abin da yake da shi, liman ya yi magana a masallaci mutane suka haɗa. Har yau wannan ne ke ci mini rai. Abin da aka tara a wuni guda ya ninka kuɗin maganin da ta hana kanta sau da yawa. Akwai shi a garin, ko a cikin wannan babun. Ba ta tambaya ba ne, mu kuma ba mu lura ba.

Washegari da hantsi ta farfaɗo na ɗan lokaci. Ta gane ni. Ta tambayi lafiyar yaron, na ce yana nan garau, har ya ci abinci. Ta lumshe ido, can ta sake buɗewa.

"Amarya, na jiƙa wake a ƙwarya, yana bayan randa. Ki dafa, kada ya lalace."

Na ce to Yaya, zan dafa, ke dai ki warke. Ba ta sake cewa komai ba sai salati. Bayan la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an kai ta, gida ya cika da mata masu gaisuwa, na zame na duba bayan randa. Waken yana nan, ya kumbura, ya fara tsami. Wata tsohuwa ta ce in zuba wa kaji. Na kasa. Na wanke shi, na sake wankewa, na ɗora a murhunta da karan da ita ta tara. Yaran suka ci.

Ba a jima ba gero ya nuna. Damina ce mai albarka, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Yara suna yawo da tumu a hannu, baki duk toka. Gonar da ta yi wa noma da zazzaɓi a jikinta ta cika rumbu har da saura. Duk wanda na ji yana cewa bana an gode Allah, nakan ce alhamdu lillahi, in juya in share hawaye.

Yaran sun ci gaba da ci a tukunyata har ƙarshen shekara, uban yana kawo hatsi a buhu, ba ya iya haɗa ido da ni. Daga baya yayarsa da ke Rimin Gado ta zo ta tafi da su. Mu ma aka canja wa maigidana wurin aiki, zumunci ya yi ta raguwa har ya yanke.

Shekaru masu yawa bayan haka, wata budurwa ta yi sallama a gidana. Tun kafin ta faɗi ko ita wace ce, na gane ta da dariyarta, 'yar Yaya ce. Aure za ta yi, ta yi ta cigiya har ta samo ni. Mun wuni muna hira. Da za ta tafi, ta tsaya a zaure ta ce, "Inna, akwai abin da ban taɓa tambayar kowa ba. Da gaske yunwa ce ta kashe mahaifiyarmu?"

Na ce mata kwananta ne ya ƙare, kamar yadda namu zai ƙare. Amma ta riƙe wannan: a duk tsawon shekarar nan, ita da ƙannenta ba su taɓa kwana ba su ci ba, kuma aikin uwarsu ne. Ta rufe fuska da mayafi, muka tsaya a zauren muna kuka.

Kwanakin nan da rayuwa ta yi tsada, da yawa daga cikinku masu karanta rubutuna kuna tambayata dabarun tattalin gida. Ina faɗar abin da na sani, kuma yana aiki: a haɗa sayayya da maƙwabta, a busar da abu lokacin arharsa, kada a raina ragowa. Sai dai duk lokacin da na rubuta irin wannan, ƙirjina yakan yi nauyi. A rage miya, a rage sabulu, a rage kwalliya, amma kada a rage magani, kuma kada mace ta cire kanta daga cikin waɗanda za a ciyar. In kuna da maƙwabciya mai yawan cewa ta ƙoshi, ko ta ji sauƙi, kada ku tsaya a maganar bakinta. Ku shiga ɗakinta, ku taɓa goshinta.

Yanzu na girme ta nesa ba kusa ba, na yi jikoki, ita kuwa tana nan a shekarunta na ƙuruciya. Duk da haka in zan yi mata addu'a, Yaya nake cewa. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa ta cikin tasa addu'ar. Allah ya haskaka kabarinta, ya ciyar da ita daga abincin Aljanna har ta ƙoshi.