Haɗin Horace Stallwood

Horace Stallwood kafintan kujeru ne a garin High Wycombe, can ƙasar Turawa, kamar ubansa da kakansa. Har aka yi yaƙin duniya aka gama bai taɓa bindiga ba. Gwamnati ce ta ce a ajiye kujeru a koma ƙera jirgin yaƙin nan na katako da ake wa laƙabi da Sauro. Shi aka ba shi haɗa ƙashin fiffike: a fere katako biyu, a shafa gam, a ɗaure har ya kama. Shekara huɗu yana abu ɗaya.

Ana dab da gama yaƙi labari ya iso masana'anta cewa can ƙasashen zafi fiffike na ɓallewa a sama, jirgi ya faɗo da mutum biyu a ciki. Wasu suka ce laima ce ta ci gam, wasu suka ce sakacin ma'aikaci ne. Ba a kama kowa ba. Horace dai ya san an yi ranakun sanyi da gam ya fara daskarewa a tukunya, manya na azalzala, ya shafa haka nan. Shekara ashirin abin na cin sa, bai san ko haɗinsa ya kashe wani ba. In fim na jirage ne, ko ƙofar silima ba ya bi. Ko da aka kawo wani fim na Sauro garin, bai je ba.

"Kai da ka yi jirgin ka ƙi kallonsa?" in ji matarsa Mavis. "Mijin maƙwabciyarmu Doris da ya ƙare yaƙin yana fere dankali sau uku ya gani, har koya wa mutane tuƙin jirgi yake."

"To ki bi shi ya tuƙa ki."

Sai ga 'yan fim sun sayi tsofaffin Sauro uku. Wani Pargeter, mai shirya musu fage, ya aiko aka ɗauki Horace zuwa filin jirgin.

Pargeter ya ce, "Baba, so muke fiffiken nan ya karye da zarar jirgin ya bugi ƙasa a fim ɗin. An ce kai ka san inda za a yanka."

"Na sani. Amma fara ba ni guduma."

Ya ɓamɓare falankin sama, ya laluba har ya kai ga haɗin, ya shiga dukansa ba tausayi. 'Yan fim suka tsaya da kofunan shayi suna kallon tsoho ya zautu. A bugu na tara katakon ya tsage gida biyu, amma inda aka shafa gam ko gezau. Daɗi ya kama Horace, ya zauna a kan fiffiken.

Da ya huta ya goge ƙura da hannun riga, don kowane ma'aikaci kan rubuta lambarsa da fensir a gefen aikinsa. Tasa arba'in da ɗaya ce. Nan kuwa goma sha bakwai aka rubuta, lambar marigayi Len Oxlade, mashayin da Horace ya daɗe yana raina wa aiki.

"Yaya, Baba, aikin ya yi?" in ji Pargeter.

"Ya yi. Na wani ne. Ina sauran biyun? Ina son in duba su."

"Ai mun ƙone su ranar Talata. Da ka ga wutar, Baba, ta yi kyau ƙwarai."

Sai Horace ya miƙa hannu aka ba shi zarto, ya kama yankan da aka kira shi ya yi.