Tafiyar Kaza da 'Ya'yanta

Jikata da ke jami'a ta nuna mini hoto a wayarta, ɗigo-ɗigon haske kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Ta ce kowane ɗigo garke ne na taurari, kuma garkunan suna zama a tare. Masana kan auna tafiyar kowanne. In tafiyarsu ta daidaita, taron a zaune yake. In wasu sun ware da gudunsu daban, to akwai abin da ke jansu, ko da ido bai gan shi ba.

Ni kuwa na riga ta jin wannan karatu.

Kakana ne ya koya mini, a ƙauyenmu kusa da Gatawa. Gab da damina yakan tashe ni da asuba mu duba fitowar Kaza da 'ya'yanta, don sanin lokacin shuka. Yakan ce kada in ƙirga su, in dubi tafiyarsu. Duk taron da ɗaya ya ja baya a cikinsa, a bincika.

Shekarar da Nasara suka matsa da ɗiban mutane zuwa haƙar kuza can ƙasar duwatsu, aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Gidanmu aka yi shawara: mahaifina da ƙanensa za su tsallaka iyaka wurin dangi ranar kasuwa, su dawo in ƙura ta lafa.

Sai na auna gidanmu yadda aka koya mini. Da farko, baffa ya daina riskar akushin da suke ci tare. Na biyu, hanyarsa ta gona ta karkata ta ƙofar mai unguwa. Na uku, ranar tafiya bai ɗaura guzuri ba.

Na kai wa kaka duka ukun, a jere. Ya daɗe yana gyara ƙotar fartanya, sannan ya ce, "Sama nic ce ka duba, ba manya ba."

Suka fita da hantsi. A bakin gulbi baffa ya ce ƙaya ta soke shi, yayansa ya yi gaba, za shi cim masa. Dogarai na jira a tsallake. Baffa ya dawo kafin azahar, ba ya ko ɗingishi. Mahaifina bai dawo ba. Wani da aka kai su haƙar kuza tare ya ce sanyin dutse ne ya ci shi.

Bayan shekaru, kaka na jinyar ajali, ya ce ya ga abin tun kafin in gani, amma duka biyun ɗiyansa ne. Shi baffa, ni na yafe masa, don tsoro ne ya ja shi. Kaka ne har yau nake fama da shi.

Yanzu ba mai duba Kaza, rediyo ke faɗin damina. Na tambayi jikata ko masanan nan, in sun ga taro zai watse, suna iya hanawa. Ta yi dariya, ta ce ai su aunawa kawai suke yi.

Na miƙa mata wayarta.