Koriyar Kwalba a Bakin Ruwan Swali

Ranar Asabar ɗin da za a saka sabon jirgi a ruwa, ɗana Seiyefa ya riga kowa tashi. Na ji shi a bayan ɗakina yana wanke fuska, yana rera waƙar coci a karkace kamar kullum. Shekarunsa talatin da huɗu, sana'arsa ƙera jiragen faiba, wato na zaren gilashi da ƙaro, a bakin ruwan Swali, irin waɗanda ake ɗaura wa inji su kai fasinja ƙauyukan cikin ruwa. Matarsa Tokoni ta ɗumama masa faten ayaba, ya ci a tsaye.

"Baba Safiyo, za ka zo ko?" in ji shi. "Taho da tef ɗinka ka auna, kada a ce na cinye inci ɗaya."

Haka yake kirana tun da na yi ritaya daga aikin awon filaye. Na ce ina tafe.

Da hantsi na isa rumfarsa. Na tarar da shi tsugune a bayan jirgin, da safar hannu da tabarau na aiki, yana shafa wani ruwa a kan ƙarfen da inji zai zauna. Ya ce ya ga gefe ɗaya bai kama yadda yake so ba. Ya bar wurin ya sha iska, sannan ya ɗora faiba.

Da rana ta take sai ga mai jirgin, Pereowei, da jama'arsa, da Papa Zuofa, dattijon da ke yi wa kogi magana a irin wannan rana.

"Oga Injiniya, har yau ana liƙe-liƙe?" in ji Pereowei. "In ya nutse da ni, matata ta san hanyar gidanku."

"In ya nutse, tumbinka ne ya ja shi. Mutum ashirin na ƙera wa, ban san za ka zauna a ciki ba."

Aka tura jirgi bakin ruwa. Papa Zuofa ya koma rumfa ya ɗauko koriyar kwalba daga kan bencin aiki. Ya juya mana baya, ya fuskanci kogi, ya zuba masa rabonsa, ya kira sunayen waɗanda suka rigaye mu. Sannan ya cika kofi ya sha.

"Kai! Pereowei, ina ka samo wannan ogogoro? Har ta kunne take fita."

"Ta manya ce, Papa. Ba irin ruwan da ake ba ka a gidan biki ba."

Kofi na biyu na maƙeri ne. Seiyefa ba ya shan giya, amma wannan kofin ba a ƙinsa, domin shi ne shaidar cewa mutum ya yarda da aikin hannunsa.

"Ɗan coci, shanye duka," in ji Papa Zuofa. "Jirgi ba ya karɓar rabin kofi."

Ya rufe ido ya shanye, ya yi ta tari, aka yi ta dariya. Pereowei ya sha na uku. Abin da ya rage aka juye a goshin jirgi. Ni tun da likita ya hana ni ba a miƙo mini.

Bayan nan Papa Zuofa da su Pereowei suka baje a inuwa suna shan wata giyar har faɗuwar rana. Seiyefa ya ci gasasshiyar ayaba da kifi, muka dawo gida tare da la'asar. Ya ce kansa ya yi masa sakayau, ya kwanta da wuri.

Lahadi bai je coci ba. Kai na sara, ga amai. Tokoni tana ta tsokanarsa, wai kofi ɗaya ya kayar da namiji. Da yamma ya tambaye ta wa ya cika ɗakin da hazo. Muka kai shi asibiti yana numfashi da ƙarfi kamar wanda ya yi gudu. Ya rasu ranar Litinin.

Mutum uku suka sha daga kwalba ɗaya, kofi ɗaya. Tsoho ya tashi, mai tumbi ya tashi, saurayi mai ƙoshin lafiya ya mutu. Danginmu sun riga sun sami amsa: Pereowei ne ya sa masa wani abu. Samari suka fara maganar ƙona jirgin. Na roƙe su su dakata har ranar rabon kaya. Ni dai ina so in san abin da ya faru, kuma amsarsu ba ta rufe ba. A aikina, awon da bai rufe ba, wato ƙarshensa bai haɗu da farkonsa ba, komawa fili ake yi.

Seiyefa tun yana yaro abin da ke kama wani abu ne ke ɗauke masa hankali. Ya taɓa fasa farantin uwarsa da gangan don ya gwada liƙe shi da ƙaron itace iri uku. Yakan tambaye ni me ya sa fenti ke zama a kan itace amma ya ɓare a kan gilashi. Ya yi shekara biyu a kwalejin fasaha, ya bari, ya koma wurin wani maƙerin jirage a Warri. Ba shi da yawan abokai. Yana son ƙwallo, amma ya fi son musu a kan alkalin wasa. Idan ya ga jirginsa na wucewa yakan bi shi da ido har ya sha kwana.

Shi ya taɓa yi mini bayanin ruwan da na gan shi yana shafawa. Sunansa silen. Ya ce zaren gilashi da ƙarfe ba sa jituwa da ƙaron da ake zuba musu, musamman in ruwa ya shiga tsakani. Silen kuwa hannu biyu gare shi, ɗaya ya riƙe ƙarfe, ɗaya ya riƙe ƙaro. A lokacin na ce masa ashe dai ɗan sasanci ne. Ban tambayi da me ake sirka shi ba.

Na fara da likitar da ta duba shi, wata 'yar matashiya mai magana a hankali. Ta ce jininsa ya yi tsami irin na wanda ya sha metanol, wato barasar masana'antu, wadda ke kashe ido kafin ta kashe mutum. Na ce to sauran biyun fa?

"Baba, sun ci gaba da shan giya bayan nan?"

"Har rana ta faɗi."

Ta gyaɗa kai. Ta ce metanol ba ya yin ɓarna sai hanta ta sarrafa shi ya zama guba. Idan kuwa akwai giyar sha a jiki, hanta ita take fara kamawa, ta bar metanol yana fita sannu a hankali. Har a asibiti, in ji ta, akan yi magani da ita idan an zo da wuri. Ta ce in turo mata su biyun duk da haka. Da suka je, aka tarar idon Papa Zuofa na hagu ya dushe, shi kuwa ya ɗauka tsufa ne.

Na daɗe ina juya wannan magana. Da ɗana mashayi ne, mai yiwuwa da yana nan. Ban san inda zan ajiye wannan ba, har yanzu.

Saura in san ta ina metanol ya shiga. Na je inda aka ɗaure jirgin. A goshinsa, daidai inda aka juye ragowar kwalbar, akwai wani farin dusu-dusu da ya bi sawun ruwan ya bushe. Na goga da yatsa, bai fita ba. Ogogoro ba ta barin tabo.

A rumfa na buɗe jan akwatin da yake kullewa. Korayen kwalabe ne a jere, irin masu kusurwa huɗu da ake sayar da giya a ciki, gurbi ɗaya babu komai. Mai sayar masa da kaya ya cike mini sauran. Silen ba ya son danshi, iskar garinmu kuwa ruwa ce zalla. In aka bar shi a jarka sai ya yi gajimare ya lalace. Shi ya sa masu faiba ke sirka kaɗan da metanol, su zuba a tsofaffin kwalaben giya, don murfinsu na kamawa gam. Shi kansa silen ɗin, in ya haɗu da ruwa, metanol yake saki.

Seiyefa ya yi wa akwatin jan fenti, ya rubuta gargaɗi a murfi, ya sa kwaɗo, ya nisanta shi da wuta. Kwalaben ne bai rubuta wa komai ba. Wadda ya fitar da safiyar Asabar ɗin ta tsaya a kan benci ba suna. Pereowei ya zo da tasa ogogoro a irin kwalbar, ya dire a gefenta. Na tambayi kaina yadda Seiyefa bai gane warin ba. Sai na shinshina daga nesa: warin barasa ne kawai. Wanda bai san ɗanɗanon giya ba, da me zai gwada?

Ranar rabon kaya dangi suka cika tsakar gida. Aka fito da komai nasa, har da jan akwatin. Kafin in yi magana, ƙanina Ebizimo, wanda ya fi kowa zafi a kan Pereowei, ya buɗe shi ya zaro kwalba.

"Wannan rabon dattawa ne. Ashe yaron nan yana ɓoye mana abin kirki."

"Ajiye ta, Ebizimo. Yadda ka ɗauka, haka Papa Zuofa ya ɗauka."

Na sa safar hannu, na ɗiga kaɗan a kan baƙin faranti, na ɗiga ogogoro a gefe, muka sa a rana. Ɗaya ta bushe ba alama, ɗaya ta bar farin dusu-dusu. Na ce duk mai so ya je ya dubi goshin jirgin. Samari uku suka je suka dawo, ba wanda ya sake maganar wuta. Ebizimo ya wanke hannunsa sau biyu.

Tufafi aka raba wa 'yan'uwa bisa al'ada. Tokoni ta riƙe rediyonsa da takalmin zuwa coci. Kayan aiki da rumfar muka bar wa abokin sana'arsa. Ruwan kwalaben ban yarda a zuba a kogi ko a ƙona ba. Na mayar wa mai sayarwa, ya juye a gwangwaninsa mai rubutu. Kwalaben na farfasa su na binne a bayan gida, don a garin nan kwalba ba ta zama fanko. Akwatin kuwa masu faiba na bakin ruwa suka roƙa, na ba su.