Ciwon Marata da Ƙwayoyin Hajiya

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu tambayar ina na shige tun bayan girbi, ga ni. Daga gadon likita na taso, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara. Duk wata sai in ruhe keken ɗinkina a kasuwar Tamaske, in kwanta ina murƙususu. Inna takan ce, "Haka mata suke, ɗiyata. In kin haihu zai bari."

Na haihu. Bai bari ba.

Bara wata Hajiya a gurup ɗinmu na waya ta tallata wasu ƙwayoyi farare, ƙanana kamar gero. Wai omeyopati, daga waje, ba shi da illa. A sa ƙarƙashin harshe, kada a sha shayi mai na'ana'a. Tunkiyata na saida na saya.

Zaƙi kawai. Ciwo ya ƙaru, jini ya riƙa zuba guda-guda, ko tulu na ɗauka sai jiri.

Na kira ta. "Hajiya, abin ƙaruwa yake."

"Madalla! Ciwon ne ke hita. Ƙara kwalba."

Madalla fa ta ce mini!

Ranar kasuwa na miƙe in auna wata mata, sai na faɗi. Yayana Idi ya kai ni likita a Keita, daga nan anka tura mu Tahoua. Gwajin jini, sannan eko, wato hoton ciki. Anka ga ƙari a mahaifata, jinina kuma ya kusa ƙarewa.

Lokotoron da ta duba ni ta juya kwalbar ƙwayoyin a hannunta ta ce, "Madam, kusan duk sukari ne. Ba shi ya kawo ƙarin ba, amma ya cinye miki lokaci."

Na tambaye ta ko za su cire mahaifar. Ta ce, "Za mu yi ƙoƙari mu bar ta." Na sa hannu kan takardar aikin tiyata.

Idi ya ba ni jininsa. Maigidana daga Abijan ya yi ta aiko da kuɗin magani. Anka yi aiki, anka cire ƙarin, anka bar mini mahaifata. Alhamdu lillahi.

Da na faɗa wa Hajiya, sai ta ce, "Ke ce ba ki bi ƙa'ida ba, halan kin sha shayi." Ta toshe lambata. Jiya ma an ce ta sa sabon talla.

Allah Ya saka wa Idi, da ma'aikatan da sunka kula da ni, da Inna da ta kwana kan tabarma gefen gadona.

Mata, ciwon da ke hana ki tashi ba na haƙuri ba ne. Ki tahi likita, ki nemi eko. Wanda ya ce ƙaruwar ciwo alamar warkewa ce, ki kashe wayarki.

Wancan sati al'adata ta zo. Kan keke na wuni, na ɗinka riga har da ɗankwali.