Malam Mai Taswira da Sojan da Aka Ce Ya Gudu

Kullum da safe, kafin shayinsa ya huce, Malam Mai Taswira ya riga ya shimfiɗa tsohuwar taswirarsa a kan teburin cin abinci, ya danne gefunanta da kofuna. Matarsa ta daɗe da haƙura. Ta ce a gidansu ko cokali ka ajiye sai ya zama runduna. Daga nan ya rataya rikoda ya fita neman tsofaffin sojoji, ranar shirinsa kuma ya wuce gidan rediyo. Da muryarsa muka san tarihin yaƙi, har direbobi kan rage gudu don kada su isa tasha labari bai ƙare ba. A watan nan ya ajiye aiki, ido ya gaji, kuma ko takardar yabo ba a miƙa masa ba. Abin ya yi mini ciwo.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya faɗin magana a rediyo sai ya ji ta daga ɓangarorin yaƙi biyu.

Wata tela ta taɓa samunsa a ofis. Mahaifinta soja ne, ya ɓace a yaƙi tun tana goye, aka ce gudu ya yi ya bar 'yan'uwansa. Cikin wannan gorin ta girma. Malam ya bi sawu har ya samo wani tsohon saje, wanda ya rantse cewa mutumin komawa ya yi bakin gada ɗauko masu rauni, can harsashi ya same shi.

"To Baba, ka faɗa wa duniya mana," in ji telar. "Innata tana kwance, ina tsoron ta tafi ba ta ji ba."

"'Yata, saje amininsa ne. In na faɗa yau, gobe a ce rufa masa asiri aka yi."

Ta fita ko sallama babu. Matarsa ta shaida mini ranar bai taɓa abinci ba.

Sai ya tsallaka wajen abokan gabar jiya, gida gida, wasu su rufe masa ƙofa, wasu su zage shi. A ƙarshe wani dattijo mai gyaran keke ya ajiye sifana, ya ce, "Na gan shi. Yana goya masu rauni yana kaiwa yana dawowa. Ni na harbe shi."

Malam bai nufi rediyo ba. Gidan telar ya fara zuwa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban gadon tsohuwa ya kunna mata rikoda. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Malam, ni na san wanda na aura. Maƙwabta za ka je ka faɗa wa." Ranar shirin, telar ta ɗora rediyo a taga ta ƙure murya, tsohuwar tana ji daga kan gado.

Malam, kai ne ka yarda marainiya ta yi fushi da kai don kada wani ya sake tuhumar ubanta. Kai ne ka koya mana cewa duk sojan da ya faɗi akwai mai jiransa a gida. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu ba da labari, kafin ku kira sunan mamaci, ku taka ku ji daga ɗaya ɓangaren.

Rigar da Malam ya sa ranar bankwana da gidan rediyo, telar ce ta ɗinka. Allon shagonta, wanda a da "Tela" kawai aka rubuta, yanzu sunan mahaifinta ne a kai.