Takardun Sa'idu Da Ban Kai Yamai Ba

Ba zan faɗi sunana ba, don kunyar da na ja wa iyayena ta ishe su. Ni mutumin Urno ne, ɗan manomi. A gidanmu ni kaɗai anka sa lakwal, wato makarantar boko, na yi karatu har na gama kwaleji. Mahaifina ya so in zama malamin makaranta, amma ban ci jarrabawar zama malami ba. Sai na koma Madawa, wani ɗan kasuwa ya ɗauke ni ina tsare mishi shagon fotokopi kusa da tasha. Ina buga wa mutane takardu, ina cika musu abin da ba su iya karantawa da Faransanci. Lokacin nan ban taɓa ɗaukar abin kowa ba. Duk wanda ya shigo Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman boko, kuma ina jin daɗin sunan, ko da yake ban taɓa riƙa alli ba.

A ƙasarmu da wuya ka samu gidan da ba wanda ya tahi bida, wato neman kuɗi a wata ƙasa. Mafi yawa kudu suke yi ko Libiya, su komo da damina. Amma akwai ƴan kaɗan da sunka kai Turai, sunka samu takardun zama. Irin waɗannan doka ta ba su damar ɗauko mata da ƴaƴan da ba su cika shekara goma sha takwas ba. Sai dai ana son takardar aure, da ta haihuwa, da fasfo, alhali a ƙauye gaban liman ake ɗaura aure, ba mai rubuta komi. Shi ya sa suke zuwa wurina in haɗa musu dosiye, wato tarin takardun da ake kaiwa neman biza.

Ƙaryata ta farko ba shirya ta na yi ba. Wani dattijo na Tabotaki ne ya tambaye ni ko na san wani a Yamai da zai tura takardun surukarsa su yi sauri. Ban san kowa ba, amma na ji nauyin in ce ban sani ba. Na ce akwai. Ya ba ni na goro in kai wa mutumen, na sa a aljihu. Bizar ta fito da lokacinta ya yi, ba da hannuna ba, shi kuwa dattijon ya bi kasuwanni yana yabona. Kafin shekara ta kewayo na bar shagon, na kama ɗakina, na sayi moto, wato babur, na sa an sassaƙa mini hatimi irin na ofishin hukuma. Wasu takardun nakan kai Yamai da gaske. Wasu kuwa in ci kuɗin mota da na biza, in zuba su cikin kwali. In mai su ya zo, sai in ce, "Haƙuri za a yi, Turawa ba su gaggawa."

Cikin wannan hali Rakiya ta zo mini daga Tama. Mace ce mai kamun kai, ta girme ni sosai, Inna nake ce mata. Mijinta Malam Ada ya daɗe a Beljik yana aikin wanke-wanke a wani gidan abinci, kuma sai a shekarar ya samu cikakkun takardu. Ta zo da ɗansu guda ɗaya tal, Sa'idu, dogon saurayi mai shekara goma sha bakwai. Shi ke riƙe da garkar albasarsu a fadama. Yana ƙarami uban ya tahi, bai san shi ba sai a hoto da murya.

Malam Ada ya kira ni a waya suna zaune. Ya ce, "Mushe, don Allah ka kula da na yaron. An ce mini in ya cika sha takwas ba a kai takardunai ba, ƙofa ta rufe. Bayan girbi zai cika."

Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Kafin a yi shuka sun shiga."

Ranar da na faɗi haka nufina in kai. Amma kuɗin da ya aiko na toshe bakin wasu da su, waɗanda sunka fara yi mini barazana. Na ce wata mai zuwa zan cike. Don su bar tambayata, na buga rasi na ƙarya, wato takardar shaidar an karɓi dosiye, na danna mata hatimi na ba Rakiya. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a leda, ta yi mini addu'a har na rasa inda zan sa idona.

Anka yi shuka, anka yi noma, hatsi ya fitar da kai. Duk ranar kasuwa Sa'idu yakan biyo ta wurina, ya ajiye mini albasa ko tumatir, ya tambaya ko akwai labari. Wani lokaci yakan ce in koya mishi yadda ake gaisuwa a tashar jirgi, don kada ya ba babansa kunya. Ina koya mishi, takardunsa suna cikin kwali ƙarƙashin teburin da ya dafa.

Anka yi girbi, ya cika sha takwas. Na ga ba ni da sauran abin faɗi, sai na ce musu amsa ta zo, an ƙi, wai kafin Turawa su duba yaro ya wuce shekaru. Rakiya ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "To, haka Allah ya so. Kai dai ka yi naka, Mushe."

Bayan ƴan kwanaki Sa'idu ya komo shi kaɗai. Ya samu wuri ya zauna. Can ya ce, "Mushe, an ce ka san masu motocin Agadas."

Na ce, "Hanyar nan ba ta da kyau."

Ya ce, "Na sani. Amma babana ya tsufa yana wanke kwanonin mutane don ni. In ba su bari in shiga ta sama, zan shiga ta ƙasa. Inna ba ta sani ba, kada ka gaya mata."

Wannan ne wurin da na fi tsayawa in ina tuna rayuwata. Da na jawo kwalin na nuna mishi, da ya zage ni ko ya buge ni, ya koma garkarsa. Da uban ya nemi wata hanya, don an ce akwai bizar karatu da ta aiki. Amma na san in yaron ya zauna, wata rana maganar za ta tashi. Kuma akwai wani direba da ke ba ni lada a kan duk mutumen da na tura mishi. Na rubuta lambarsa na miƙa wa Sa'idu. Ya yi mini godiya. Ya sayar da albasar da anka ajiye ta iri, ya shiga mota.

Daga Agadas ya kira uwarsa ya nemi gafara, ya ce gobe za su shiga hamada. Ba a sake jin muryarsa ba.

Malam Ada ya ce in an hana yaro biza, ko matarsa ce a bari ta iske shi. Ya samu lauya a can don a sake duba ƙin da anka yi, ya aika mishi hoton rasin nan. Lauyan ya bincika, anka ce ba a taɓa kai wani dosiye da sunansu ba. Da hantsi jandarmomi sunka zo ɗakina, sunka ɗauki kwalin da hatimin, sunka tasa ni gaba ta tsakiyar kasuwa. Mutanen Buza da Keita da na ci wa kuɗi sunka cika gaban alƙali. An hukunta ni a kan zamba da takardun jabu. A kan Sa'idu ba a tambaye ni komi ba, don ba wanda ya san ni na ba shi lambar.

Zaman kaso da wuya, amma ba zafi ko cunkoso ne sunka fi damuna ba. Ruwa ne. Duk lokacin da na kai moɗa baki sai in tuna an ce waɗanda mota ta lalace da su a hamada ƙishirwa ke kashe su, sai in ajiye moɗar ban sha ba. In anka kawo sabon fursuna dogo siriri, gabana ya faɗi har sai ya juyo. Wani lokaci da rana tsaka nakan ji kamar muryarsa a bayana tana maimaita gaisuwar da na koya mishi.

Ina cikin shekara ta biyu anka ce ina da baƙuwa. Rakiya ce. Ta rame har ban gane ta da farko ba. Na zaci zagina ta zo yi. Ta zauna ta gaishe ni kamar da, sannan ta ce, "Ba maganar kuɗi ta kawo ni ba. Yaron ya saba zama wurinka. Ko ya taɓa gaya maka wa zai bi? Ko sunan mai mota, in samu wanda zan tambaya."

Na dubi ƙasa. Na ce, "Inna, ni na haɗa shi da mai motar."

Ta ce, "Kai?"

Na ce, "Ni. Kuma an biya ni."

Na faɗa mata lambar, don ban manta ta ba, wani gardi ya rubuta mata. Ta tashi ta tahi. Daga baya na ji sun kira, layin ya daɗe da mutuwa.

Da wa'adina ya cika anka sallame ni. Mahaifina ya rasu ina ciki, ban samu jana'izarsa ba. Na koma Urno na ɗauki hauyarsa. Na tuba ga Allah, kuma ina bin waɗanda na zalunta ɗaya bayan ɗaya da abin da gona ta ba ni. Na Tama ne na daɗe ina jin tsoro. Da na je, na iske Malam Ada ya baro Turai gaba ɗaya, ya bar takardun da ya yi shekaru yana wahala a kansu, don kada matarsa ta yi jira ita kaɗai. Na durƙusa a ƙofar gida na nemi gafara. Bai dube ni ba, ya shige ciki. Rakiya ce ta fito. Ta ce, "Nawa na yafe maka, don ina son Allah ya yafe mini. Na yaron kuwa ba ni da ikonsa. Sai ka jira shi ya zo ka roƙe shi."

Har yau ba su yi zaman makoki ba, don ba wanda ya ga gawa.

Ku samari, musamman ku da Allah ya ba karatu a cikin dangin da ba su yi ba, da ku nake. Ban fara da niyyar hallaka kowa ba. Na fara da jin kunyar in ce ban sani ba, sannan da na goro, sannan da "wata mai zuwa zan cike". In mutum ya miƙo maka takardar da ba ya iya karantawa, rayuwarsa ce ya miƙo maka. In ba ka iyawa ka ce ba ka iyawa. In ka riga ka yi ƙarya, ka tona kanka yau, tun abin da zai ɓace kuɗi ne da mutuncinka kawai. Ku kuma masu neman bin dangi a waje, ku kai takardunku da ƙafarku inda ake karɓa, kada ku yarda da mai cewa ya san wani.

Ni dai alƙali ya gama da ni, Rakiya ta yafe mini. Saura Sa'idu. In yana raye, ina roƙon Allah ya komo da shi ko da zai tofa mini miyau a fuska. In kuwa ba ya raye, na san inda za mu gamu, kuma ban san abin da zan ce mishi ba.