Farar Rigar Ɗan Majalisa

Shekarar nan ta ba mu wuya. Ban taɓa gajiya irin ta wannan shekara ba, kuma ba gajiyar aiki ba ce, don aikin ma babu shi.

Ni marini ne. Marinarmu ƙarama ce, a bayan unguwarmu cikin birni, ba irin ta Ƙofar Mata da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto ba. Ramukan rini ne 'yan kaɗan, da rijiya ɗaya a gefe, wadda muke jan ruwan aiki, matan unguwa kuma suke jan na girki. Ramin da ke gindin darbejiya shi ne na mahaifina. Shi ya gada, ni ma na gada. Da zai rasu bai yi mini maganar gida ko gona ba, abu ɗaya ya ce, kada in bar ramin nan ya bushe. Na ce to. A lokacin ban ga abin wahala a ciki ba.

Soja ba su daɗe da komawa bariki ba, ana ta murnar mulkin farar hula. Mu ma mun yi zaɓe. Na tuna malamin zaɓe ya kalli babban yatsana ya ce ai ni na riga na dangwala, in matsa. Sai da mai unguwa ya zo ya ce masa duk wanda ke wannan layin haka hannunsa yake tun yana yaro. Aka yi dariya. Wanda muka zaɓa ɗan majalisar jiha ya zo marina lokacin kamfen, ya tsuguna, ya karɓi muciya a hannuna ya motsa ramin sau biyu, ya ce kakansa ma marini ne. Ba mu yarda ba, amma mun zaɓe shi.

Gidan man kuwa tun zamanin soja aka gina shi, a bakin titi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba mu taɓa samun matsala da su ba, masu sayar da man ma a masallacinmu suke salla.

Ramin mahaifina ne ya fara mutuwa. Wanda bai san rini ba ba zai gane ba, amma rami abu ne mai rai. Ka zuba ruwa da toka da ganyen baba, ka rufe, ka yi ta motsawa kwana da kwanaki har ya nuna, kumfa mai shuɗi ta taso. Mu da harshe muke gane ya nuna, ka tsoma yatsa ka lasa. Wannan karon na motsa har kafaɗata ta yi tsami, kumfa ba ta taso ba. Na lasa, na ji wani ɗaci da ban sani ba. Na tsoma ƙyalle, ya fito kamar an jiƙa shi a kwata, na ɗauraye, ya koma fari.

Kuskuren da muka yi, mu marina in rami ya ƙi, kanmu muke fara tuhuma. Na ce mai toka ya cuce ni, ya gauraya da ƙasa. Na kwashe ramin kaf, aikin kwana biyu, na sake haɗawa da sabuwar toka. Ya ƙi. Na ce to baban ne tsoho, na je kasuwar Kurmi na sayo wani, na sake kwashewa, na sake haɗawa. Ya ƙi. Kuma duk da ruwan rijiyar nan nake yi. Ba wanda ya kawo rijiyar a ransa, don ita muka tarar iyayenmu na ja. Makwabcina a marina har rubutu ya karɓo ya zuba a nasa ramin, ya ce baki ne. Ga warin baba ya cika mana hanci shekara da shekaru, ba ma jin wani wari a wajen nan.

Matata ce ta gano. Ta ce tuwonta warin fetur yake, kuma ba yau ya fara ba, ta faɗa na ce neman magana take yi. Ƙanena, wanda muke aiki tare, ya ja guga ɗaya ya ajiye a rana. Muka ga wani abu yana ƙyalli a saman ruwan, kala-kala. Ya ƙyasta ashana ya kusantar, wuta ta yi fuu ta mutu. Ashe tankin gidan man da ke binne a ƙasa ne ya huje, ya daɗe yana tsiyaya.

Daga nan muka shiga yawo. Mun je wajen manajan gidan man, ya ce shi ɗan aiki ne, mai wurin ba ya gari. Mun je da mai unguwa, aka ce mai wurin ya ce man da ake kawo masa daga kamfani ne, tankin ma su suka binne. Mijin 'yata malamin sakandare ne, shi ya rubuta mana takarda da Turanci, muka kai ƙaramar hukuma, aka buga mata hatimi. Muka kai ma'aikatar gwamnatin jiha, aka ce mu dawo. Mun je gidan ɗan majalisar sau uku. Sau biyu an ce yana zaman majalisa, na ukun muna ganin motarsa a ciki aka ce ya yi tafiya. Damina ta zo ta wuce. Ramuka duk suka mutu. Masu kawo mana zane suka koma wajen masu rinin bature na kwano, wanda ake gamawa cikin yini ɗaya.

A zaurena ake zama bayan la'asar, ni da ƙanena da surukin nan nawa. Shi Malam mutumin kirki ne, amma in ya fara bayani sai ka nemi wurin jingina. Ya ce abin da ya same mu ƙarami ne, a kudu inda ake haƙo man koguna ne suka mutu, masunta sun bar kamun kifi. Ya ce hayaƙin man nan ne ke sa zafi yana ƙaruwa, damina tana rikicewa, kuma masu kamfanonin sun sani. Ya ce a wasu ƙasashe mutane zama suke a tsakiyar titi su hana kowa wucewa, sai an saurare su. Ni na ce masa ban san zancen zafin duniya ba, rijiyata na sani. Ya ce ai abu ɗaya ne, Baba. Na ce to in abu ɗaya ne a fara gyara ta kusa.

Ƙanena bai ɗauki komai a bayanin ba sai zaman titi. Ya ce yanzu ba soja, wa zai harbe mu? Na ce titin nan ba na mai gidan man ba ne, talakawa irinmu ke binsa. Ya ce, "Yaya, wata nawa muna bin su da ladabi? Me muka samo ban da hatimi?" Sauran marina suka goyi bayansa. Na bi su, raina ba ya so.

Da safe muka fito da muciyoyinmu dogaye muka gitta su a titi, gaban gidan man. Muka shimfiɗa zannuwan da suka ƙi rinuwa, muka zauna a kai. Mata suka jera tukwane da ruwan rijiyar a bakin hanya. Kafin hantsi motoci sun tsaya har inda ido ba ya kaiwa. Wasu sun sauko sun shaƙi ruwan sun ce Allah ya isar mana. Wasu zagi suka yi. Wanda ban manta ba wani dattijo ne a bayan tasi, da matarsa kwance a jikinsa, asibiti za su. Bai zage ni ba. Ya ce, "Malam, ni na fasa muku tanki?" Na tashi na janye muciyata suka wuce. Ƙanena ya harare ni, na ce ya harara.

Wajen azahar sai ga ɗan majalisar, wanda wata da watanni ba mu samu ganinsa ba. Ya sauko cikin babbar riga ta farar shadda, 'yan sanda biyu a bayansa. Ya yi magana mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya ce shi namu ne, za a kafa kwamiti, mu buɗe hanya tukuna. Ƙanena ya ɗebo ruwan rijiyar a moɗa ya miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, ka sha rana. Ga ruwan unguwarku."

Ya kalli moɗar ya yi murmushi ya ce yana azumi. Ranar ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba. Mutane suka yi dariya, wani yaronsa ya bige moɗar ta faɗi. Ban ga lokacin da ƙanena ya juya ba. Akwai bokiti da muka kawo cike da ruwan ramin mahaifina, don mu nuna wa mutane yadda ya mutu. Shi ya ɗauka ya watsa wa ɗan majalisar daga kafaɗa har ƙasa.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Hayaƙi mai sa hawaye, gudu, tukwanen mata a farfashe. 'Yan sanda ba su tsaya tambayar wa ya yi ba, an ce musu wanda ya watsa hannunsa shuɗi ne. Suka bi unguwa suna cewa kowa ya nuna tafinsa. Duk marini hannunsa shuɗi ne. Har wani tsoho da ya bar aikin shekaru, yana zaune ƙofar gidansa da carbi, sai da aka sa shi a mota. Kwana biyu muka yi a caji ofis. Ba wanda ya nuna ƙanena, shi ne da kansa ya ce shi ne, da ya ga tsohon nan yana tari a kan siminti.

Da muka fito, rediyo ba ta da zance sai na rigar. An ci mutuncin zaɓaɓɓe, 'yan daba sun kai hari, 'yan adawa ne suka turo. Rijiyar sau ɗaya na ji an ambata, a ƙarshe, kamar abin da aka tuna. Amma kuma a makon ne aka rufe gidan man, aka kawo mota mai haƙa, aka ciro tankin, duk ya ci tsatsa, aka binne sabo.

A kan wannan muka yi ta musu da Malam, ƙanena yana tsare. Shi ya ce watsa wa mutum abu ba daidai ba ne, bai goyi baya ba, yau ruwan rini ne gobe dutse ne, jibi wuƙa. Amma ya ce in faɗi gaskiya, takardarsa ce ta ciro tankin ko bokitin? Na ce ban sani ba. Na ce abin da na sani, da can mu ne aka zalunta, yanzu mu ne ake nema mu ba da haƙuri, mai gidan man kuma ko sunansa ba a kira ba, balle kamfanin da ke bayansa. Ya ce to da me za mu yi? Na ce shi ma ban sani ba. Har yau in aka tayar da zancen iyakata ke nan. Na gaji da musun.

Dattawan unguwa suka yanke cewa ni ne babba, ni zan je wajen ɗan majalisar da mai unguwa. Muka je. Wannan karon yana gida. Na durƙusa na ba da haƙuri, ba don na ga girmansa ba, don uwar 'ya'yan ƙanena kullum tana zaurena tana kuka. Ya ce ya yafe, shi ba mai riƙo ba ne, za a saki ƙanena. Na tambayi rijiya. Ya ce injiniyoyi sun duba, man ya riga ya shiga ƙasa, sai dai a yi haƙuri wasu shekaru, amma yana nan yana bibiyar maganar burtsatse. Mai unguwa, don ya gyara zama, ya ce a ba mu rigar mu wanke, ai sana'armu ce. Aka miƙo mini ita a leda.

Na kai ta gida, na sayi ruwa wajen ɗan garuwa, na jiƙa ta a baho. Ina tunanin zan sha wuya, don shadda in ta sha baba ba ta saki. Sabulu ɗaya na sa. Na cuɗa sau biyu, na ɗauraye, rigar ta fito fes, fari tas kamar daga shago. Ko ɗigon shuɗi babu.

Na daɗe tsugune a gaban bahon. Tun ina yaro, kafin shekarar nan, ban taɓa ganin abin da ya taɓa ruwan ramin nan ya koma fari ba. Mahaifina yakan ce ko kaza ta faɗa ciki sai ta mutu da shuɗinta. Duk zagin da na sha a titi, da kwanan caji ofis, da durƙuson, ba wanda ya taɓa ni kamar wannan rigar. Matata ta leƙo ta ce ai sai a gode Allah ta fita. Na ce eh.

Na kai ta wajen mabuga aka buge, na mayar. Aka saki ƙanena da yamma. Ya shigo ya gaishe ni, ya ce shi ya bar rini, wani abokinsa zai ba shi babur ya yi acaɓa. Ya ce, "Yaya, kai ma ka haƙura da ramin nan. Ba ruwa, ba rini." Na ce na ji. Sauran marinan ma da yawa sun riga sun watse, wani ya koma dako a Kurmi, wani gadi.

Washegari da na dawo daga sallar asuba na je wajen ɗan garuwan na ari kurarsa da jarkoki, na ce zan dawo masa da ita kafin hantsi. Na tura ta har famfon da ke wajen Jakara, na bi layi da mata, na cika, na turo. Gwiwata ta dama tana ƙara duk hanya. Na sauka cikin ramin mahaifina na kankare bangonsa, na fitar da ragowar mataccen ruwan, sannan na juye jarkokin. Ruwan ko idon sawuna bai rufe ba. Na fito, na ɗaura jarkokin a kura, na koma ɗebo na biyu.